A Sakaya Sunana: Giya Ce Ta Kayar da Maigidana ko Iska?

Mai kula da zaure:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wata 'yar'uwarmu ce a nan cikin garin Kaduna ta turo mini wannan a asirce, ta roƙi a sakaya sunanta. Na sa shi yadda ta rubuto. Don Allah wanda ba shi da abin faɗa mai amfani ya yi mata addu'a ya wuce.

Mai tambaya:
Salamu alaikum. Na fi wata guda ina rubuta saƙon nan ina gogewa. Shekararmu 9 da aure, 'ya'yanmu uku. Maigidana mai walda ne, kuma wallahi ba mugun mutum ba ne. Bai taɓa ɗaga hannu ya mare ni ba, in yana da shi ba ya hana mu.

Kusan shekara biyu ke nan na fara tsintar wasu 'yan ledoji a aljihun wandonsa in zan yi wanki, ƙanana, ba su kai rabin ledar fiya wata ba, an yage bakinsu da haƙori. Na tambaya ya ce maganin basir ne da ciwon baya. Na yarda, don ni ban san warin giya ba, a gidanmu ban taɓa ganin ta ba. Daga nan sai ga goro da alewar minti kullum a bakinsa, mutumin da da ko goron biki ba ya ci. Turare har ya yi yawa. Ya daina cin abinci tare da mu, in ya dawo sai ya wuce ɗaki ya kwanta da takalminsa. Asuba ta fara wuce shi. Kuɗin cefane ya koma rabi, kuɗin makarantar babbar 'yarmu sai da na sayar da 'yan kunnena. Masu aiki na zuwa ƙofar gida neman ƙofofi da tagogin da suka biya tun watanni, ni ke leƙawa in ce ba ya nan alhali yana ciki. Ƙanena ne ya karanta mini ledar wata rana ya ce Anti wannan giya ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne safiya. In na miƙa masa shayi sai in ji kofin yana kaɗawa a kan faranti, hannun na rawa kamar na tsoho, ga zufa, ga yunƙurin amai ba abin da ke fita. Maɓallin riga ma gagarar sa yake. Sai ya fita kamar minti goma ya dawo garau, hannun ya tsaya cak.

Ana gobe azumin bana ya rantse mini ya bari. Na yi kukan farin ciki. Daren farko bai runtsa ba. Rana ta biyu amai da zufa. Rana ta uku bayan la'asar ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga har ya ciji harshe. Da dare ya dinga kaɗe jikinsa yana cewa tururuwa na hawan sa, ga ƙadangaru a bango, ni kaina bai gane ni ba. Yayansa ya kawo mai ruƙya, aka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne daga abokan sana'a. Na yi shiru ban faɗi maganar giyar ba, don Hajiyarsa na da hawan jini. Bayan kwana huɗu abin ya lafa, ya ƙarasa azumi lafiya. Sallah da sati biyu na sake tsintar leda.

Tambayata: wannan faɗuwar giya ce ko iska? Sannan wata ta ce mini akwai garin magani da ake barbaɗawa a abinci ba tare da ya sani ba, ya tsani giyar har abada, in saya? Jiya da dare ya sake cewa daga ranar Juma'a ya bari gaba ɗaya. Ina tsoron ya ci gaba, yanzu kuma ina tsoron ya bari.

Maman Hanif:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yaye masa, ke kuma ya ba ki ladan haƙuri. Wallahi na karanta ina hawaye, wurin kofin shayin nan kamar babanmu ake ba ni labari.

Ɗan Tudun Wada:
Baiwar Allah ki tattara 'ya'yanki ki tafi gidanku. Mashayi ba ya shiryuwa, yau leda gobe ƙwaya. Kar ki tsaya har sai ya sayar da rufin ɗakin.

Ummu Sadiq:
Haba malam. Mace ta ce maka mijinta ya kusa mutuwa a gabanta, amsar da za ka fara ba ta ke nan? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kuma wa ya ce maka ba sa shiryuwa?

Anti Nas:
Ƙanwata, bari in fara da abin da ba ya jira, wato maganar Juma'ar nan. Don Allah kada ya yanke ta farat ɗaya a gida. Ban gan shi ba, kuma ba a duba mara lafiya ta waya, amma abin da kika zayyana daga daren farko zuwa rana ta uku shi ne daidai yadda jiki ke yi idan ya saba da giya kullum aka katse masa ita lokaci guda.

Ga yadda abin yake. Giya danne ƙwaƙwalwa take yi. Idan mutum ya daɗe yana sha kullum, sai ƙwaƙwalwar ta ƙara wa kanta wuta don ta iya aiki duk da dannewar. Ranar da aka janye giyar, abin da ke danne ta ya tafi, wutar kuma tana nan. Shi ya sa daga awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe ake fara rawar hannu, zufa, tashin zuciya, faɗuwar gaba da rashin barci. Jijjiga irin ta farfaɗiya takan zo a cikin kwana biyun farko ko kusa da haka. Mafi hatsari shi ne na kwana na biyu zuwa na huɗu: ruɗewa, gane-gane, zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, mutum bai san inda yake ba. Ganin ƙwari na bin jiki ko ƙananan dabbobi a bango sananne ne a wannan hali, likitoci sun san shi tun da daɗewa. Kuma yana kisa idan ba a kula ba. Allah ne ya tsallakar da maigidanki a azumin nan. Wanda ya taɓa jijjiga sau ɗaya kuwa, in ya sake yankewa haka nan, yiwuwar ta dawo ta ƙaru, sau da yawa ma ta fi ta farko tsanani.

A asibiti ba wani abin tsoro ake yi ba. Ana ba shi maganin da ke riƙe ƙwaƙwalwar na 'yan kwanaki, ana rage shi a hankali, a ba shi bitamin B1 saboda masu sha da yawa ba sa cin abinci kuma rashinsa na lalata ƙwaƙwalwa, a ƙara masa ruwa in ya buƙata, a duba sukarin jininsa da hantarsa. Yawanci cikin mako guda an wuce wannan gaɓar. Daga nan ne aiki na gaske ke farawa, wato yadda ba zai koma ba.

Wannan fita ta minti goma da safe da kika ce yana dawowa garau, ita ce babbar alama a cikin duk abin da kika lissafa. Ba don daɗi yake shan ta safe ba, don ya tsayar da hannunsa ya iya riƙe ƙarfen walda ne. Mutane na jiran su ga tangaɗi da tamɓele a titi kafin su ce wane ya zama mashayi. A'a. Wanda jikinsa ya saba ƙwarai ma ba ya tangaɗi, yana tafe ƙalau yana gaisawa da mutane. Abin da muke dubawa shi ne: adadin da ke isar sa da, yanzu yana isar sa? Ya sha niyyar bari ya kasa? Yana ɓoyewa? Yana wayar gari bai tuna abin da ya faɗa jiya ba? Sana'a, iyali da ibada sun fara taɓuwa amma bai fasa ba?

Ki kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, suna da sashe na musamman na masu fama da giya da ƙwayoyi. In hankalinsa bai kwanta da can ba tukuna, ku fara da kowane babban asibiti kusa da ku, Barau Dikko ko Yusuf Dantsoho a Tudun Wada ko Gwamna Awan a Kakuri, ku faɗa wa likita gaskiya, shi zai tura ku inda ya dace. In kuma ya faɗi ko ya fara sambatu kafin nan, ko tsakar dare ne, sashen gaggawa kai tsaye. Ki kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa.

Hajiya Babba:
Barnawa kuma? 'Yar nan so kike a ce mijinta ya haukace? In maganar ta fita wa zai auri 'ya'yansa mata gobe? Ni a ganina a rufa asiri, a dage da addu'a da rubutu, a kira manyan gidan su yi masa faɗa.

Anti Nas:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, na fahimci tsoronki kuma ba tsoron banza ba ne, mun san garinmu. Amma masu zuwa Barnawa da yawa da ƙafarsu suke zuwa su ga likita su koma gida: masu rashin barci, masu farfaɗiya, masu damuwa, mata bayan haihuwa. Ba kowa ake kwantarwa ba. Kuma asirin da ake rufewa ai ya fara tonuwa tunda masu bin sa aiki na sallama a ƙofar gida. Rufin asirin ne ma ya sa aka yi masa kwana huɗu ana hayaƙi a ɗaki, ba wanda ya san abin da ke damun sa sai matarsa, ita kuma kunya ta rufe mata baki. Ban ga laifinta ba, amma kada a maimaita.

Abu Fatima:
Ni fa wannan kalmar "ciwo" da kuke ta nanatawa ce ba ta yi mini ba. Zazzaɓi ciwo ne, sauro ne ya cije ka. Wannan da ƙafarsa ya je, da kuɗinsa ya saya, da hannunsa ya kai baki. Kun mayar da saɓon Allah larura, gobe kowane ɗan iska ya ce ai ba laifina ba ne, ciwo ne.

Malam na Unguwar Sarki:
Abu Fatima, kishinka na addini abin yabo ne, kuma ba wanda ya halatta giya a nan. Haramun ce da nassin Alƙur'ani a Suratul Ma'ida, babban zunubi ce, wanda ya fara kurɓa shi ya jawo wa kansa. Sai dai abu ya zama zunubi ba ya hana shi haifar da ciwo. Wanda ya yi tuƙin ganganci ya karya ƙafa, laifinsa na nan, amma ɗori za a yi masa, ba wa'azi ne zai haɗa ƙashin ba.

Mu duba yadda haramcin kansa ya sauka. Ba rana ɗaya ba ne. Aka fara da cewa zunubinta ya fi amfaninta a Baƙara, aka hana kusantar salla cikin maye a Nisa'i, sannan aka yanke a Ma'ida. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce da abin da ya fara sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za mu taɓa barin ta ba. Wannan ba ya nufin yau an ba wani damar sha kaɗan-kaɗan, hukunci ya riga ya tabbata. Yana nuna mana ne cewa Mahaliccin ɗan Adam ya san irin riƙon da abin nan ke yi wa zuciya. Kuma ya tabbata a Bukhari cewa akwai sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, wani ya tsine masa, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana tsinuwar, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya hana a zama mataimakan shaiɗan a kan ɗan'uwa.

Ke kuma 'yata, ki sani shan giyar mijinki bai fitar da shi daga Musulunci ba, bai kuma warware aurenku ba. Faɗa wa likita ko wani babba da zai taimaka ba tonon asiri ba ne, ba kuma gulma ba ce. Ki ci gaba da addu'a, a yi masa ruƙya in ana so, ba ta hana asibiti, asibiti ma bai hana ta ba. In kuma wata rana abin ya kai ga cutar da ke ko 'ya'yanki, kina da haƙƙin ki kai ƙara ga waliyyanki ko ga alƙali, haƙuri bai zama dole a kan cuta ba.

Abu Fatima:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi na hadisin. Amma har yanzu ina nan a kan cewa in shi bai so bari ba, duk likitocin Kaduna su taru ba abin da za su yi.

Anti Nas:
A wannan kam ba mu saɓa ba. Amma ka sake karanta saƙon, mutumin nan sau biyu ke nan yana cewa zai bari da bakinsa. Niyya tana nan. Hanyar ce bai sani ba.

Baba na Kakuri:
Ku ba ni dama in sa baki, ni Kirista ne, ɗana ne ya sa ni a wannan zauren, kuma ni ne irin mutumin da kuke magana a kai. Shekarata 11 rabona da ita.

A masaƙa na yi aiki. A lokacin burkutu ne ranar Asabar, ƙwarya ɗaya ko biyu da abokai, ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Da masaƙun Kakuri suka durƙushe aka sallame mu, sai kowace rana ta zama Asabar. Mutum ya tashi da safe ba inda za shi, ga yara na kallon sa. Burkutu ya daina kama ni, na koma ogogoro. Na kai matsayin da nake ajiye kwalba a cikin tukunyar fulawa a bayan ɗaki don ta asuba, daidai irin fitar minti goman nan da 'yata mai tambaya ta faɗa. Na sayar da keken ɗinkin matata. Ranar auren 'yar ƙanena aka ce na yi jawabi na zagi surukai, ni har yau ban tuna ba.

Abin da na lura da shi a garin nan shi ne, ku a can tsallaken gada ɓoyewa ce ke kashe naku, don in aka sani an gama da mutuncin mutum. Mu a nan unguwannin Kakuri da Sabon Tasha da Television sabo ne ke kashe namu, kowa na sha a fili, sai a ce wane ai jarumi ne, ba ta kayar da shi. Ba wanda ya ce mini ina da matsala sai ranar da na yi aman jini a bakin famfo, idanuna sun yi ɗorawa, cikina ya kumbura. Likita ya ce hanta ce.

Faɗa bai taɓa yi mini aiki ba. Matata ta yi ihu, ta fasa kwalabe, fasto ya zo, dattawa suka zo, da sun fita nake komawa, har ma in ƙara don baƙin ciki. Babbar 'yata ce ta same ni wata safiya ban sha komai ba tukuna, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ba ta ce mini mashayi ba. Ta ce Baba jiya ka kira ni da sunan Mama, ka faɗi a ƙofa, ni da ƙanena muka ja ka ciki, ina tsoron in dawo makaranta in tarar ka mutu, zo mu je asibiti ni zan raka ka. Abin da ta gani da idonta kawai ta faɗa. Ban sami abin musu ba.

Kuma kada in yi muku ƙarya, bayan asibiti sau biyu na koma ruwa, ɗaya a Kirsimeti, ɗaya a wurin makoki. Da iyalina sun ce shi ke nan ba ya jin magani, da yanzu ina kabari. Suka mayar da ni wurin likita. Na canja hanyar da nake bi in dawo gida, don tsohuwar ta gaban gidan burkutu take bi. Na bar abokai na shekara talatin, wannan ya fi barin giyar ciwo. Na kama kiwon kaji don hannuna ya sami abin yi da yamma, don yamma ce lokacin da abin ke kira na.

'Yata, abu ɗaya zan roƙe ki. Ki daina fita kina cewa ba ya nan. Ki daina sayar da kayanki kina toshe ramin da ya haƙa. Na san don ƙauna kike yi, matata ma ta yi, amma duk bashin da ta biya mini kwalba ta gaba ta saya mini ba ta sani ba.

Ummu Sadiq:
Baba mun gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan maganar ta ƙarshe ta shige ni.

Mai kemis a Kawo:
A kan garin maganin da ake barbaɗawa a abinci: kada ki saya. Ba ki san abin da ke ciki ba, mai sayarwar ma sau da yawa bai sani ba. Akwai maganin asibiti na gaske da ke sa mutum ya galabaita in ya sha giya a kansa, fuska ta yi ja, amai, bugun zuciya, jini ya faɗi ƙasa. Likita ne ke ba da shi, da sanin mai shan da yardarsa, bayan an duba hantarsa da zuciyarsa, don in aka ba mutum a ɓoye ya je ya ɗirki giya a kai zai iya rasa ransa. Akwai kuma wasu magungunan da ke rage kwaɗayinta, su ma sai likita. Ban da haka, ranar da ya gane ana sa masa abu a tuwo, ya daina cin abincinki ke nan, yardar da za ki ja shi asibiti da ita ta tafi.

Sannan kada wani ya karanta bayanin Anti Nas ya zo kemis neman maganin barci don a yi abin a gida. Haɗa irin waɗannan ƙwayoyi da giya, ko tiramadol ko kodin, na iya tsayar da numfashi. Farasitamol ma da ake watsawa kamar gyaɗa saboda ciwon kan safe, in ya yi yawa a kan hantar mai shan giya illa ce babba. In za a duba shi a haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B, yana da yawa a cikinmu, in ya haɗu da giya hanta ba ta daɗewa.

Kuma jama'a ku daina raina ledar nan don ƙanƙantarta. Giyar kwalba da aka sani ƙarfinta wajen kashi 5 cikin 100 ne, na leda wasu sun kai kashi 40. Ga araha, ga shiga aljihu, ga sunan maganin basir ko na ƙarfin maza da ake fakewa da shi. Abin da ya sa NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta sanar da hana ta ke nan a farkon 2024, ita da ƙananan robobi da ba su kai mililita 200 ba. Ku je tasha ku gani ko ta ɓace.

Ɗan Tudun Wada:
To in ba za ta tafi ba, a kai shi gidan mari wata shida ya dawo hayyacinsa. Can ba leda ba kwalba.

Yaya Rigasa:
Kada ka sake ba wani wannan shawarar don girman Allah. Mu nan unguwar Rigasa muka ga abin da 'yan sanda suka fito da shi a watan Satumba na 2019, mutum sama da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon duka. Iyaye ne suka kai su da hannunsu da niyyar gyara. Ƙanena ma mun taɓa kai shi irin wannan wuri a wani gari, da kuɗinmu. Ya dawo ba ya haɗa ido da kowa, sati uku ya koma sha fiye da da, kuma har yau bai yafe mana ba. Ka kuma ji abin da nas ta ce, mutumin da ke jijjiga in an yanke masa, ka ɗaure shi a ɗakin da ba likita, me kake jira ya faru a rana ta uku?

Malamar Makaranta:
Ƙari a kan wuraren neman taimako. Gwamnatin jiha na da hukumar da ke kula da shaye-shaye, wadda aka sani da KADBUSA, yanzu KADSAMHSA, an haɗa mata da lafiyar ƙwaƙwalwa. NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ita ma na da layin kira kyauta dare da rana, 0800 1020 3040, masu ba da shawara ne ke ɗauka, ba masu kame ba, kuma ana iya magana da Hausa. Na Zariya da kewaye akwai asibitin koyarwa na Shika.

Ga wanda ke karanta mu shiru yana shakkar kansa, don na tabbata akwai, likitoci na da wasu tambayoyi huɗu da suka daɗe suna amfani da su. Ka taɓa jin ya kamata ka rage? Kana jin haushi in an yi maka maganar shan ka? Kana jin nadama ko kunya bayan ka sha? Ka taɓa karya kumallo da ita don jikinka ya daidaita? In ka amsa e a biyu, ka je a duba ka. Ba mu kaɗai ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kusan miliyan 2 daga ciki maza. Mata ma na sha a garin nan, nasu ɓoyon ya fi na maza, mai ciki kuwa kai tsaye take kai wa jaririn.

Maman Hanif:
Ni tambayata ga mai tambaya, yana ɗaukar yaran a babur zuwa makaranta? In yana yi ki hana daga gobe, ko da zai yi fushi. Babanmu haka ya zubar da ƙanwata a kan kwalta, tabon na goshinta har yau.

Mai tambaya:
Na karanta duka, wasu sau uku. Allah ya saka wa kowa da alheri, har wanda ya ce in tafi, na san tausayina ya ji. Maman Hanif, e yana kai su, na ce masa daga yau ƙanena zai riƙa kai su.

Yau da safe na yi yadda Baba na Kakuri ya ce. Na bari yara suka fita, na kawo shayin, da kofin ya fara kaɗawa sai na riƙe hannun da hannuna biyu. Na ce Baban Ummi, na san abin da ke sa hannun nan rawa, kuma faɗuwar azumi ba iska ba ce. Na karanta masa abin da Anti Nas ta rubuta. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce shi ma ya sani, yaron shagonsa ya taɓa gaya masa, kuma tun ranar da ya ga tururuwar nan tsoron bari yake fiye da tsoron sha. Ya yi kuka, ban taɓa ganin kukansa ba ko ranar da mahaifinsa ya rasu.

Bai yarda da Barnawa ba, ya ce akwai wanda ya yi wa aikin ƙofa a layin. Ya yarda mu je babban asibiti gobe Alhamis kafin Juma'ar da ya sa wa kansa, in likita ya tura mu can zai je. Ya ce a gaya wa yayansa amma ban da Hajiya. Na kira yayan, ya yi faɗa sosai a kan na ɓoye musu, ya kashe waya, bayan azahar ya sake kira ya ce zai zo da mota ƙarfe bakwai.

Anti Nas, me zan riƙe in tafi da shi? Kuma in likita ya tambaye shi nawa yake sha, na san zai rage.

Anti Nas:
Kusan kowa na ragewa, likitocin sun saba. Ki tafi da ledojin da kika tsinta ko guda biyu ne don a ga irin ta da ƙarfinta. Ki rubuta a takarda tun yaushe, kusan guda nawa kike samu a rana, ƙarfe nawa ya sha ta ƙarshe, da duk wani magani ko ƙwaya ko jiƙo da yake sha. Labarin azumin nan ki ba da shi tiryan-tiryan, faɗuwar, cizon harshen, gane-ganen, da rana ta nawa kowanne ya faru, shi ne zai sa su san irin kulawar da yake buƙata. Ki nemi izininsa tun a mota cewa za ki yi magana a gaban likita, kada ya ji kamar an kai shi ƙara. Ku riƙe kaya kala biyu ko za a kwantar da shi, ki kuma shirya wanda zai kwana da yara. Ya ci abinci yau da dare ko kaɗan ne. In wani abu ya canja kafin safiya kada ku jira ƙarfe bakwai.

Baba na Kakuri:
In an sallame shi yana son wanda zai yi magana da shi, wanda ya san yadda ƙarfe biyar na yamma take a jikin mutum, mai kula da zaure na da lambata. Ko a shagonsa ne zan hau keke in zo.

Mai kula da zaure:
Na tura mata lambar, Baba. Wasu mutum biyu kuma sun turo mini saƙo a asirce tun ɗazu, ɗaya a kan ɗanta, ɗaya a kan kansa. Anti Nas, in kin sami sarari ki duba akwatinki.